Kurakuren hasashe a farkon zamanin kwamfuta

Kurakuren hasashe a farkon zamanin kwamfuta su ne maganganun da masana da 'yan jarida da shugabannin kamfanoni suka yi tun daga shekarun 1940 game da makomar wannan na'ura, waɗanda daga baya lokaci ya ƙaryata. Akasarinsu sun faru ne saboda an auna gobe da na'urar da ake gani a lokacin.

Kwamfutar ENIAC, wadda aka ƙaddamar a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka a 1946, nauyinta ya kai tan 30, da bututun lantarki kusan 18,000 a cikinta. Duk wanda ya ga irin wannan ƙatuwa, da wuya ya kawo a ransa cewa wata rana za ta shiga aljihu. A 1949 mujallar Popular Mechanics ta ce nan gaba ana iya samun kwamfuta mai bututu 1,000 kacal, nauyin tan ɗaya da rabi. A ganinta ta yi hange mai nisa. Alhali tun 1947 aka ƙirƙiro taransisto, wani ɗan ƙaramin abu mai yin aikin bututun lantarki, a cibiyar bincike ta Bell Labs, kuma taransiston ne ya kori bututun gaba ɗaya, ya kuma karya farashi.

Sai dai ba duk maganar da ke yawo ce ta tabbata ba. Wadda aka fi ambata, cewa Thomas Watson na IBM ya ce a 1943 kwamfuta biyar za ta ishi duniya, babu wata takarda ta lokacin da ke ɗauke da ita. Bill Gates ma ya musanta cewa ya taɓa faɗin ma'ajiyar kilobait 640 ta wadaci kowa. Ken Olsen, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin kwamfuta na DEC, ya faɗi a 1977 cewa babu dalilin da mutum zai ajiye kwamfuta a gida, amma masu kare shi sun ce yana nufin na'urar da za ta riƙa sarrafa fitilu da ƙofofi. Ko ma mene ne nufinsa, DEC bai yi ƙarfi a kasuwar ƙananan kwamfutoci ba, kuma kamfanin Compaq ya saye shi a 1998.

Intanet ma ta sha irin wannan kallo. Robert Metcalfe, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro Ethernet, fasahar haɗa kwamfutoci da juna, ya rubuta a 1995 cewa Intanet za ta ruguje a shekara mai zuwa. Da hakan bai faru ba, a 1997 ya markaɗa takardar rubutun da ruwa ya shanye a gaban mahalarta taro. Masanin tattalin arziki Paul Krugman kuwa ya ce a 1998 tasirinta ba zai wuce na na'urar fakis ba.

Akwai kuma masu zarce gona da iri. A 1965 masanin kimiyyar kwamfuta Herbert Simon ya ce cikin shekara 20 na'ura za ta iya kowane aikin da ɗan Adam ke yi. Shekarar 1985 ta zo ta wuce, kwamfuta ba ta ma iya gane fuskar mutum da kyau ba.