Dabbobin tagulla na mutanen da: me masu kuɗi ke saya, kuma daga ina suke fitowa?

Wai waɗanne irin kaya ne waɗannan da ake gwanjonsu a Landan da Faris?

Ƙananan siffofi ne na dabbobi da maƙeran zamanin da can suka zuba da tagulla, wato jan ƙarfe da aka haɗa da kuza. Akasari ba su wuce tafin hannu ba. Akwai kyanwa da shaho da bijimi daga Masar, akwai ƴan dawakai daga ƙasar Girka, akwai barewa da damisa daga filayen arewacin Sin. Amma waɗanda suka fi cika kasuwa, kuma suka fi jawo rigima, su ne na Luristan, wani yanki a tsaunukan Zagros da ke yammacin Iran. Yawancinsu an yi su ne tsakanin shekara ta 1000 zuwa ta 650 kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

Ado ne kawai, ko suna da aiki?

Ba don a jera su a kan kanta aka yi su ba. Na Luristan da yawa kayan doki ne: linzami mai siffar doki ko akuyar dutse mai fiffike a kowane gefe, sai allurai masu kan dabba, da gatura, da wani abu da ake kafawa bisa sanda, inda za ka ga mutum a tsakiya ya shaƙe wuyan namun daji biyu. Duk wanda ya taɓa kallon kayan dokin hawan salla zai gane cewa mahayi ba ya wasa da linzaminsa.

Na Masar kuwa kayan bauta ne. Tsakanin 664 da 332 kafin haihuwar Annabi Isa, mai ziyara kan sayi ƴar kyanwar tagulla ya kai ɗakin bautar gunkiyar Bastet, ko tsuntsu mai dogon baki ya kai na gunkin Thoth, don neman biyan buƙata. An zuba su dubbai, shi ya sa har yau ba su yi wuyar samu ba.

Yaya ake zuba su?

Da kakin zuma. Maƙeri zai fara sassaƙa dabbar da kaki, ya lulluɓe ta da yumɓu, ya gasa har kakin ya narke ya tsiyaye, sannan ya zuba narkakkiyar tagulla a gurbin. In ta huce sai ya fasa yumɓun. Tunda sai an fasa mazubin kafin a ciro abin, ba a samun biyu da suka yi daidai kwabo da kwabo. Riƙe wannan, za mu dawo kansa. Da irin wannan dabara aka yi tagullar Igbo-Ukwu da ta Ife da ta Benin.

To ta yaya na Luristan suka iso hannun ƴan kasuwa?

Daga kaburbura. Wajen ƙarshen shekarun 1920 mutanen yankin suka fara tono tsofaffin makwantai suna sayar wa dillalai, kaya suka kwarara zuwa Tehran, daga can zuwa Turai da Amurka. Kafin masana su ankara an riga an yi ɓarna. Masani Erich Schmidt ya yi tono na ilimi a Surkh Dum da ke Luristan a 1938, sannan ayarin Beljiyam ƙarƙashin Louis Vanden Berghe ya yi aiki daga 1965 zuwa 1979. Abin da suka samo ɗan kaɗan ne in an kwatanta da dubban da ke gidajen tarihi da gidajen attajirai, waɗanda babu mai iya cewa ga kabarin da suka fito.

Nan ne asarar take, a ganina. Linzamin da aka samu a gefen ƙasusuwan mai shi, tare da tukwanensa da takobinsa, yana gaya mana shekarunsa da matsayin mutumin da abin da al'ummarsa ta ɗauka da muhimmanci. Wanda ɓarawo ya fizgo da daddare ya zama kurma, sai dai a yaba kyansa. Har yau ana gardama kan ko su wane ne ainihin mutanen da suka ƙera su, kuma masu tonon sata na da babban kaso a wannan duhun.

Ana samun na jabu?

Ba kaɗan ba. Oscar White Muscarella, wanda ya daɗe yana aiki a gidan tarihi na Metropolitan a New York, ya shafe shekaru yana nuna cewa manyan gidajen tarihi ma sun sha ruwa. Jabun iri biyu ne. Akwai sabon zubi da aka jiƙa da sinadari aka binne don ya yi kore. Akwai kuma wanda ya fi wuyar ganewa: a ɗauko kan akuya na gaske, a liƙa shi a gangar wani abu na gaske, a fito da wata halitta da ba a taɓa yi ba, a tsuga mata kuɗi.

Da me ake gane na gaskiya?

Tsatsar tagulla ta shekaru dubbai tana da hawa-hawa: ja-ja a ƙasa, kore a sama, ta ci cikin ƙarfen. Ta jabu tana zaune a fuska kamar fenti. Ana auna haɗin ƙarfen, in an ga tutiya ta yi yawa a abin da aka ce na Luristan ne, sai a fara zargi. Hoton ƙashi, wato X-ray, yana tona inda aka yi liƙi. In akwai ragowar yumɓu a ciki, ana iya auna lokacin da wuta ta taɓa shi. In kuma ka ga dabbobi biyu iri ɗaya sak a shaguna daban, to an kwafe ɗaya, ko duka biyun.

Ko shahararru ba su tsira daga gyare-gyare ba. Kyanwar tagulla ta Masar da ake kira Gayer-Anderson, wadda aka bai wa gidan tarihin Birtaniya a 1939, ta gaskiya ce, amma bincike ya nuna ta taɓa tsagewa kuma an yi mata gyara mai yawa.

Halal ne a doka mutum ya saya?

Ya danganta da takardu. Yarjejeniyar UNESCO ta 1970 ita ce ma'aunin da manyan gidajen tarihi ke bi: in ba za a iya nuna abu ya bar ƙasarsa kafin wannan shekara ba, ko ya fita da izini, ba sa taɓa shi. Masar ta haramta cinikin kayan tarihi da doka mai lamba 117 ta 1983. A Najeriya, dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta hana fitar da su ba tare da izininta ba. Dillali ya ce maka "daga tarin wani tsohon Bature" ba tare da suna ko rasit ba, wannan ba shaida ba ce.

Wanda ya fito tun kafin 1970 fa, ya tsira ke nan?

Ba lallai ba. Zakaran tagulla na Benin da ake kira Okukor, sojojin Ingila ne suka kwashe shi a 1897, ya yi shekara sama da ɗari a Kwalejin Jesus ta Jami'ar Cambridge. Ɗalibai suka tayar da magana, aka sauke shi daga ɗakin cin abinci a 2016, sannan a Oktoban 2021 aka miƙa shi ga wakilan Najeriya.