"Gonna", "wanna" da "ain't": Turancin baki ko na takarda?

A fina-finan Amurka kullum sai ka ji "gonna" da "wanna". Turanci ne na ƙwarai ko gurɓatacce?

Turanci ne, amma na baki. In Ba'amurke yana magana da sauri, "going to" kan haɗe ta koma "gonna", "want to" ta koma "wanna". Farfesa ma haka yake furtawa a hira. Kuma abin ba kara-zube ba ne, yana da ƙa'idar da masu koyo kan yi tuntuɓe da ita: "gonna" ba ta shiga sai in aikatau ne ya biyo baya. "I'm gonna eat" daidai ne, amma babu Baturen da zai ce "I'm gonna Chicago", domin nan tafiya ake nufi zuwa wani gari, dole a bar "going to" a cike.

To "don't" da "can't" fa?

Waɗannan karɓaɓɓu ne, jaridu ma suna rubuta su. Sai dai a takardar neman aiki, kundin digiri ko yarjejeniya, gara "do not" da "cannot". A yi hattara da "would've", wato "would have": kunne yana jin ta kamar "would of", har Turawan kansu kan rubuta hakan, kuma kuskure ne.

Me ya sa malamai suka tsani "ain't"?

Ba don sabuwa ba ce. Tun ƙarni na 18 ake amfani da ita a Ingila a madadin "am not", "is not" ko "are not", har a bakin masu hannu da shuni, kafin masu nahawu su laƙaba mata sunan maganar marasa ilimi. A 1961, da ƙamus na Webster bugu na uku ya sassauta mata, jaridu irin su New York Times suka yi masa ca. A ganina rigimar ta fi kama da ta matsayi fiye da ta nahawu, amma mai duba takardarka ba ruwansa da wannan tarihin.

A jarrabawa fa?

A WAEC da NECO, wasiƙa zuwa ga aboki ta yarda da "I'm" da "don't". Wasiƙa zuwa ga shugaban makaranta kuwa, a rubuta komai a cike. "Gonna", da "u" irin ta WhatsApp, ko a wasiƙar aboki kada su shiga.