Waiwaye: Arzikin Najeriya da rabon talaka, daga Udoji zuwa cire tallafin mai

Kafin man fetur ya mamaye baitulmalin gwamnati, gyaɗa da auduga da koko da manja ne ke kawo wa Najeriya kuɗin ƙasashen waje, kuma dalar gyaɗar Kano ta nuna cewa guminsa manomin karkara ya zuba a arzikin ƙasa. Tashin farashin mai a 1973 ya juya al'amarin. Kuɗi suka kwararo wa gwamnatin Janar Gowon, aka yi wa ma'aikata ƙarin albashin Udoji, wato wanda kwamitin Jerome Udoji ya ba da shawara a yi, har da bashin watannin baya, nan take 'yan kasuwa suka tsawwala farashi, manomin da sunansa ba ya cikin takardar albashi kuwa tsadar kawai ta same shi.

Da kasuwar mai ta faɗi, gwamnatin Babangida ta ɓullo da shirin gyaran tattalin arziki na SAP a 1986, aka karya darajar naira, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, har talakawa da ɗalibai suka fito zanga-zanga a 1989.

Dawowar mulkin farar hula a 1999 ta zo da kyakkyawan zato, kuma a alƙaluma an samu abin nunawa. Wayar salula ta shigo a 2001, an yafe wa ƙasar bashin dala biliyan 18 a 2005, sannan a 2014 aka sake lissafin tattalin arzikin ya kai kusan dala biliyan 510, Najeriya ta wuce Afirka ta Kudu. Sai dai bunƙasar ta tattaru a harkar mai da bankuna da sadarwa, fannonin da ba sa ɗaukar ɗimbin matasan da ke neman aiki. Rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 ya ce mutum miliyan 133 na fama da talauci ta fuskoki daban-daban, kashi 65 cikin ɗari nasu a Arewa, kuma a jihar Sakkwato abin ya shafi kashi 91 cikin ɗari na mutanen jihar.

A kan wannan hali ne Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki. Masu jefa ƙuri'a ma sun daɗe da ja da baya: kusan kashi 69 na waɗanda suka yi rajista ne suka fito zaɓen shugaban ƙasa a 2003, amma a 2023 ba su kai kashi 30 ba.