Gyara Jagorar Girka Sabar a Linux: Tambayoyi da Amsoshi

Me ya sa jagorar da ta yi wa marubucinta aiki take ƙin yi wa wani?

Saboda Linux iri-iri ce, kuma mai rubutu yakan manta cewa kwamfutarsa ta riga ta tara abubuwan da sabuwa ba ta da su. Misali, manhajar Apache, wato sabar da ke miƙa shafukan intanet ga masu ziyara, a Debian da Ubuntu sunanta apache2, da umarnin apt ake girka ta, saitunanta kuma suna cikin /etc/apache2. A Fedora da Rocky Linux kuwa httpd ake ce mata, da dnf ake girka ta, saitunan suna /etc/httpd. Bugu da ƙari, a Debian sabar takan tashi da kanta da zarar an gama girkawa, amma a Fedora sai an tashe ta da `systemctl enable --now httpd`. Wanda ya rubuta "ka girka Apache" ya yi shiru, ya bar mai karatu da aikin da ya fi wuya.

Me ya kamata ya zo a layin farko?

Sunan tsarin da lambar sigar da aka gwada a kai, kamar Ubuntu 24.04 ko Debian 12, tare da ranar gwajin. Wannan yana da muhimmanci domin jagora tana tsufa. CentOS 7, wani nau'in Linux, ta daina samun sabuntawa ranar 30 ga Yuni, 2024, amma har yanzu ana cin karo da rubuce-rubucen da suka dogara da ita. Haka kuma tun fitowar Debian 12 a 2023, pip, manhajar girka kayan Python, yana ƙin girka su kai tsaye cikin tsarin, saboda haka tsofaffin umarnin da ke yin hakan suna tsayawa da saƙon kuskure.

Shin laifi ne a ce a gudanar da komai da ikon root, wato asusun da ke da cikakken iko a kan tsarin?

A ganina babban sakaci ne. Gara a nuna yadda za a buɗe wa sabar asusunta mai ƙarancin iko, a kuma sa sudo, mai ara wa umarni ikon root, a gaban umarnin da ke buƙatarsa kaɗai.

Yaya mai karatu zai san ya yi daidai?

Bayan kowane mataki a ba shi abin da zai duba. `systemctl status apache2` zai nuna ko sabar tana aiki, `journalctl -u apache2` kuma zai nuna abin da ya hana ta tashi. A nan ne jagorori da yawa suke tuntuɓe, domin sabar tana iya aiki lafiya a cikin na'urar amma shafin ya ƙi buɗewa daga waje, don kawai ba a buɗe ƙofa ta 80 da ta 443 a katangar tsaro ba. A Ubuntu ufw ake amfani da shi, a Fedora firewalld, kuma a can tsarin tsaro na SELinux ma yana iya hana sabar karanta fayilolin da aka ajiye a wurin da bai sani ba.

Wace hanya ce ta gwada jagorar?

A buɗe sabuwar na'ura ta cikin kwamfuta wadda ba a taɓa girka komai a kanta ba, a kwafi umarnin ɗaya bayan ɗaya yadda suke a rubuce, ba tare da an ƙara ko harafi daga kai ba. Duk inda hannu ya kai ga wani umarnin da ba a rubuta ba, to nan ne jagorar take da giɓi, sai a cike shi nan take.