Kumburin jijiya na ƙarya da gyaransa ba tare da tiyata ba

Kumburin jijiya na ƙarya wata 'yar jaka ce ta jini da ke taruwa a gefen jijiyar da ke ɗauko jini daga zuciya, bayan bangonta ya huje. Ana ce masa na ƙarya ne domin ba jijiyar ce da kanta ta kumbura ba: naman da ke kewaye da ita ne ya tare jinin, yana shiga yana fita ta wani siririn wuya.

An fi ganinsa a gindin cinya, wurin da likitoci ke soka allura su zura siririn bututu zuwa zuciya, dabarar da likitan Suwidin Sven Seldinger ya bayyana a 1953. Tsofaffi sun fi fuskantarsa, saboda jijiyarsu ta yi tauri, kuma da yawansu na shan maganin tsinka jini irin su warfarin, sai hujin ya ƙi rufewa. Alamarsa kumburi ne mai zafi. In aka ɗora yatsa, sai a ji yana harbawa tare da bugun zuciya. Hoton sikanin ne ke tabbatar da shi.

Ƙarami, wanda bai kai santimita 2 ba, sau da yawa yakan daskare da kansa. A 1991 aka bayyana hanyar danne wuyan jakar da kan na'urar sikanin har jinin ya daskare. Tana aiki, amma akwai azaba: a danne mutum minti 10 zuwa 20, a sassauta, a sake, kuma takan ci tura ga mai shan maganin tsinka jini.

Shi ya sa allurar turombin, sinadarin da ke daskarar da jini, ta sha gabanta tun ƙarshen shekarun 1990. Likita na kallon allon sikanin, ya kai bakin allura cikin jakar, nesa da wuyanta, ya ɗura kaɗan-kaɗan. Cikin daƙiƙoƙi jinin ya zama guda. Nasararta ta haura kashi 90 cikin 100, kuma ba sai an sa tsoho barci ba, wanda shi ne abin gudu ga mai raunin zuciya. Haɗarinta shi ne sinadarin ya zarce cikin jijiyar ya toshe jinin ƙafa.

Idan wuyan na da faɗi, ko kumburin na can cikin ciki, akan toshe shi da ƙananan naɗaɗɗun wayoyi ko a rufe hujin da ragar ƙarfe mai rufi. Tiyata takan zama dole in ƙwayoyin cuta sun shiga wurin, ko kumburin na girma da sauri, ko fatar da ke kansa ta fara mutuwa.