Gwajin ƙwaya da giya a wurin aiki: abin da doka ta ba shugaban makaranta da abin da ta hana shi

Maradi ta zama garin ɗalibai. Ga jami'ar gwamnati da aka kafa a 2010, wadda ke ɗauke da sunan Dan Dicko Dankoulodo, ga kuma manyan makarantu masu zaman kansu. Kowace tana da direba, da mai gadi, da masu girki, da ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje. To, idan shugaba ya zargi ɗaya daga cikinsu da shan tramol ko giya, yana da ikon miƙa masa kwalba ya ce "je ka kawo fitsari"?

Bari mu fara da abin da ba gardama a kansa. Dokar Nijar ta yaƙi da miyagun ƙwayoyi mai lamba 99-42 ta 23 ga Satumba 1999 ta haramta noma su, da safararsu, da sayarwa, da sha, kuma OCRTIS, hukumar yaƙi da fataucin miyagun ƙwayoyi, ce ke farautar dillalai. Dokar ƙwadago mai lamba 2012-45 ta 25 ga Satumba 2012 ta hana shigar da giya ko raba ta ga ma'aikata a wurin aiki, kuma mai gidan da ya kau da kai aka shigar, shi ma ya taka doka. Ita ce kuma ta ɗora masa nauyin kare rai da lafiyar waɗanda ke ƙarƙashinsa. Direban da ke ɗaukar ɗalibai cike da bas idonsa ja wur, shugaba na da cikakken dalilin karɓe makulli daga hannunsa nan take.

Amma karɓe makulli daban, tilasta gwaji daban. Dokar ƙwadago ta tanadi takardar dokokin cikin gida, wadda ke ƙunshe da tsarin aiki, da ladabtarwa, da tsabta da kariya daga haɗari. Ba a rubuta ta a ɓoye a aljihun tebur: wakilan ma'aikata na faɗin ra'ayinsu, a miƙa wa sufeton ƙwadago, a manna ta inda kowa zai karanta. A ganina makarantar da ke son yin gwaji nan ya kamata ta rubuta shi ƙarara: waɗanne ayyuka ya shafa, yaushe ake yi, wa ke yi, kuma ta yaya ma'aikaci zai nemi a sake. Gwada direba ko mai riƙe da sinadarai abu ne da hankali ke ɗauka. Gwada magatakarda don kawai ya yi wa shugaba gardama a taro, wannan cin mutunci ne da aka sa wa rigar likita.

A lura, malamai da ma'aikatan da gwamnati ta ɗauka dindindin suna da nasu kundin dabam. Dokar ƙwadago ta fi shafar makarantu masu zaman kansu da ƴan kwantiragi.

Inda aka fi yin kuskure shi ne wajen karanta sakamako. Ɗan katin gwajin da ake tsomawa a fitsari yana nuna cewa abu ya taɓa shiga jiki, ba ya nuna cewa mutum a buge yake yanzu. Mai shan wiwi kullum, alamarta na iya zama a fitsarinsa makonni bayan ya daina. Giya kuwa cikin sa'o'i take barin numfashi, don haka wanda ya kwana yana sha zai iya tsallake gwajin yamma. Tramol yana da nasa abin mamaki: katin da aka saba amfani da shi don gano dangin morfin galibi ba ya kama shi, sai an nemi nasa na musamman. Sannan ga wanda likita ya rubuta wa maganin tari mai kodin, ko tramadol (wato tramol) bayan tiyata in an yi gwajin da wancan na musamman, katinsa zai iya nuna alama alhali bai yi laifin komai ba. Shi ya sa sakamakon gaggawa ke buƙatar tabbatarwa a babban ɗakin gwaji, kuma duk mai shan magani ya adana takardar likitansa.

Sakamakon kuma sirri ne. Likita na ƙarƙashin dokar riƙe sirrin mara lafiya. Abin da shugaba ke buƙata daga gare shi shi ne ko mutumin zai iya aikin ko ba zai iya ba. Dokar kare bayanan mutane mai lamba 2022-59 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman, kuma HAPDP, hukumar kare bayanan mutane, ke sa ido. Wanda ya ɗauki hoton sakamakon wani ya watsa a zauren WhatsApp na ma'aikata ya jawo wa kansa magana. Haka nan ba a fakewa da gwajin ƙwaya a leƙa wani abu: dokar ƙwadago ta hana neman gwajin sida ko na amosanin jini, wato sikila, ga mai neman aiki. Ta kuma hana mai gida cin ma'aikaci tara, kuma kora sai da halastaccen dalili. Wanda aka kora ba bisa ƙa'ida ba, ofishin sufeton ƙwadago zai fara zuwa don sulhu, in ya ci tura a wuce kotu.

Batun wuraren da ake tarayya ya fi sauƙi. Dokar yaƙi da taba mai lamba 2006-12 ta 15 ga Mayu 2006 ta hana shan taba a wuraren jama'a, har da makarantu da wuraren aiki. Ɗakin malamai, da amfi (babban zauren lacca), da wurin cin abinci, da cikin bas, duk sun shiga. Sauran ƙorafe-ƙorafe, irin buɗe rediyon salula a ɗakin karatu, ko barin gawayin shayi da ruwan buta a bakin ƙofar ɗakin kwana, ko cire cajin wani a sa naka, ba majalisa ce ta tsara su ba. Dokokin cikin gida na makaranta ne ke hukunta su, a ɗakunan kwanan jami'a kuma ƙa'idojin CROU, hukumar da ke kula da masauki da abincin ɗalibai. Ɗalibi ba ma'aikaci ba ne, don haka kwamitin ladabtarwa ke sauraron maganarsa, sai fa idan an kama shi da ƙwaya a hannu, nan magana ta koma wajen ƴan sanda da mai gabatar da ƙara.