Tsoro a Sararin Sama: Tambayoyin da Aka Yi Mini a Fada kan Tashi da Lema

Ɗan yayata da ke karatu a Marakesh ta ƙasar Maroko ya aiko mini da saƙon murya makon jiya. Ya shiga koyon tashi da lema a Agergur, tsaunin da ke kudu da birnin. Ya yi tashi huɗu lafiya lau, a na biyar iska ta jijjiga shi, tun daga ranar in ya tsaya a bakin gangaren sai gwiwoyinsa su saki. "Kawu," in ji shi, "ko dai in haƙura?" A fadarmu ta Bukoki, inda muke zaman hira nan Yamai, na saurari saƙon, sai abokai suka rufe ni da tambayoyi, don sun san na yi shekara uku ina wannan wasa lokacin da nake karatu a Girenobul ta ƙasar Faransa. Na haɗa tambayoyinsa da nasu, ga abin da na ce.

Wai wace lema ce? Ba ita ce ta sojoji ba?

Dangin juna ne, amma aikinsu daban. Ta soja daga jirgi ake dirowa da ita, saukowa kawai take yi. Wannan kuwa, wadda Faransawa ke ce wa parapant, fuffuke ne na yadi marar nauyi, girmansa murabba'in mita 22 zuwa 30 gwargwadon nauyin mutum. Za ka shimfiɗa ta a gangaren tudu, ka ja ta iska ta cika ta, ka ɗan yi gudu, ƙasa ta rabu da ƙafarka. Kana zaune cikin kujerar ɗamara, igiyar birki ɗaya a hannun dama, ɗaya a hagu. In ka saki birki tana gudun kilomita 35 zuwa 38 a awa, tana sauka mita ɗaya da ɗan wani abu a kowace daƙiƙa. Abin da ke ɗaga ta sama shi ne iska mai ɗumi da ke tashi daga ƙasa, irin wadda shirwa ke kewayawa a cikinta da rana tsaka a saman kasuwar Katako ba ta ko kaɗa fuffuke. A 1978 ne wasu masu dirar lema su uku suka fara tashi da gudu daga tsaunin da ke saman ƙauyen Miyusi a Faransa, daga nan wasan ya bazu.

Malam, namiji da tsoro? Ba an ce faɗuwar gaba asarar namiji ba?

A filin kokowa wataƙila maganar ta zauna. A sama kuwa, ɗalibin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wanda ya ce ba ya jin komai. Tsoro ne ke sa ka sake duba ƙugiyoyin ɗamararka, shi ke sa ka ɗaga kai ka dubi gajimare.

Matsalar tana zuwa in ya yi yawa. Jiki ya saki sinadarin adiranalin, zuciya ta hau bugu, numfashi ya gajarta, ido ya kafe wuri ɗaya, hannu ya damƙe. Damƙewar hannun nan ita ce abin gudu a wasanmu, don abin da ke cikin hannun igiyar birki ce. Mai firgita yakan ja birki biyun ƙasa bai sani ba, kamar mai neman abin riƙewa, lema ta rage gudu har ta daina tashi ta faɗa baya. Saboda haka ba kashe tsoro muke nema ba. Muna son ya tsaya daidai inda hannu zai ci gaba da jin maganar kai.

To ina haɗin tsoro da kafa manufa?

Zuciyar da ta tsorata ba ta zama inda jiki yake. Gaba take gudu: in lema ta naɗe fa, in na wuce filin sauka fa, in igiya ta tsinke fa. Ka ce mata ta yi shiru, ba za ta yi ba. Amma in ka ba ta aiki takan kama.

Wani masani Ba'amurke, Edwin Locke, ya nuna tun 1968, daga baya kuma shi da Gary Latham suka faɗaɗa, cewa manufa takamaimiya ta fi "yi iya ƙoƙarinka" sa mutum aiki. Kowa ya san haka a gona: wanda aka ce ya nome kunya goma kafin azahar ya fi wanda aka ce masa "je ka taɓa noma". Sai dai manufa iri-iri ce, kuma a nan ɗalibai ke ɓata.

Akwai wadda ni nake kira buri: in yi awa ɗaya a sama, in hau mita dubu biyu, in riga wane. Duk waɗannan ba a hannunka suke ba, a hannun iska suke. Wanda ya tashi da buri ya ƙara wa kansa tsoro na biyu, tsoron kasawa, a kan na farko. Akwai kuma wadda nake kira aikin yau: abin da idonka da hannunka da ƙafarka za su yi, ko iska ta so ko ta ƙi. Kafin kowane juyi zan dubi gefen da zan juya. Lokacin tashi ba zan zauna cikin kujera ba sai na yi nisa da tudu. Zan isa saman filin sauka da sauran tsawo a hannuna. Irin wannan ce ke kwantar da gaba, don kowace daƙiƙa kana da abin yi, kuma kai ne mai iko da shi.

Ni ma haka aka yi mini magani. A shekarata ta biyu, a Sen Hiler, tudun da ke kusa da Girenobul inda ake bikin masu wasannin tashi sama na Coupe Icare duk watan Satumba, rabin lemata na hagu ya naɗe ina sama. Cikin daƙiƙa biyu ko uku ta buɗe da kanta, amma ni na yi wata biyu ban dawo daidai ba. Malamina bai ce mini in yi ta maza ba. Ya ce in tashi da sassafe lokacin da iska ke kwance, in yi juyi uku dama, uku hagu, in sauka a filin Lumban da ke ƙasa, tazarar mita 700 ko kusa da haka. Minti goma ke nan. Na yi wannan tashin har ya gundure ni, kuma ranar da na ji ya gundure ni, ranar na san tsoron ya fara sakina.

Kawu, ni yanzu daga ina zan fara?

Daga ƙasa, ɗana. Koma fili mai faɗi ka yi ta ɗaga lema bisa kanka kana tsaye, ka riƙe ta daƙiƙa talatin ba ka kalle ta ba, da jin igiya kawai. In wannan ya zauna, koma ƙaramin gangaren da kuka fara koyo a kai. Daga nan babban tudu da sassafe, malami yana maka magana ta rediyo. Sannan irin wannan tashin amma rediyo shiru sai in da buƙata. Iskar rana mai jijjiga ita ce ta ƙarshe, kuma minti biyar kacal a cikinta karon farko.

Likitocin ƙwaƙwalwa sun daɗe da sanin wannan tsani. Joseph Wolpe, ɗan Afirka ta Kudu, ya bayyana shi a 1958: a tunkari abin tsoro mataki-mataki, kada a hau na gaba sai na baya ya daina tayar da hankali. Shawarata ita ce ka riƙa rubutawa a littafin tashinka. Bayan kowace sauka, ba tsoronka maki daga 1 zuwa 10, ka rubuta aikin da ka ɗaukar wa kanka da ko ka yi shi. In mataki ya sauko ƙasa da 4 sau uku a jere, matsa gaba. Manufa ɗaya a kowane tashi, in ta yi yawa biyu. Kai mai tsoro ba ya riƙe biyar.

In na kasa cika ta fa?

Matakin ya yi maka tsawo ke nan. Raba shi biyu ka sake.

Ana tsakiyar sama abu ya ɓaci, wa zai tuna wata manufa?

Ba wanda zai tuna, in bai riga ya haddace ta ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wani masani Bajamushe, Peter Gollwitzer, ya yi bincike mai yawa kan ƙudurin da ake ɗaurawa da sigar "in kaza ya faru, zan yi kaza", ya nuna mutum ya fi aikata shi a kan lokaci fiye da niyyar da aka bari sake. Mu ma da shi muke aiki. In gefe ɗaya ya naɗe, zan dubi inda na dosa, in karkata jikina zuwa gefen da ke buɗe, in riƙe hanyata, sannan in dubi lema. In lema ta ƙi gyaruwa kuma ƙasa na matsowa, zan dubi hannun lemar ceto, in kama, in zaro, in jefa. In na ji hannuna ya damƙe, zan ɗaga shi sama, in shaƙi numfashi ina ƙirga huɗu, in fitar ina ƙirga shida ko takwas, don dogon fitar da numfashi yana rage bugun zuciya.

Ana maimaita waɗannan a ƙasa, da baki da hannu, har su shiga jiki. Wanda ya yi nisa kuma akwai horo na musamman da ake kira SIV, inda ake naɗe lema da gangan a saman ruwa, kamar tafkin Anesi a Faransa, ɗalibi sanye da rigar ruwa, kwalekwalen ceto na jira a ƙasa. Abin da ka gani sau goma da idonka ba ya firgita ka kamar abin da kake ta zanawa a zuci. Kuma mai koyo ya tsaya kan lema mai darajar EN A, wadda aka gwada aka ga tana saurin buɗewa da kanta.

Ita manufar ba za ta iya jefa mutum cikin halaka ba?

Za ta iya, kuma wannan ce tambayar da ta fi muhimmanci a duk zaman. A watan Fabrairun 2007, a Manila ta ƙasar Ostireliya, ana atisayen gasar duniya, hadari ya zuƙe Ewa Wisnierska, ƙwararriya daga tawagar Jamus, ya kai ta mita 9,946, sama da tsaunin Eberes. Ta suma a can cikin ƙanƙara, Allah ya yi da sauran kwananta ta sauko da rai. Wani ɗan ƙasar Sin da hadarin ya haɗa da shi bai tsira ba. Waɗannan ba ƴan koyo ba ne. Ni a ganina, mutumin da idonsa ke kan nisan da yake son ci yakan ga hadari ya ce zai riga shi wucewa.

Shi ya sa tsoro biyu nake rarrabewa. Akwai wanda za ka iya nuna dalilinsa da yatsa: ga gajimare can yana tsiri gindinsa na yin baƙi, ga tsumman da ke nuna inda iska ke kaɗawa yana juyawa ko'ina, iska ta wuce kilomita 20 a awa ni kuma ɗan koyo ne, ban yi barci ba jiya. Wannan gaskiya yake faɗa maka, kuma babu manufar da ta isa ta rufe masa baki. Akwai kuma wanda ba shi da abin nunawa sai tuna baya, irin na wanda maciji ya sara ya ga tsumma. Wannan ne ake lallashi da aikin yau. In ka rasa gane wanne ne, faɗa wa malaminka da baki, ku duba tare.

Kuma ka rubuta iyakokinka tun kana gida, kafin ka biya kuɗin mota, kafin abokai su ɗaga wayoyi suna jiran ɗaukar bidiyonka. A bakin tudu kunya takan fi tsoro ƙarfi, na ga ta tura mutane sama a ranar da bai kamata ba. Ranar da ka naɗe lemarka ka sauko da ƙafa saboda iyakar da ka rubuta, ka rubuta a littafi cewa ka cika manufa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ina tawakkali a nan?

Yana nan daram. An ce a ɗaure raƙumi sannan a dogara ga Allah. Ni nakan duba hular kwano, ƙugiyoyin ƙafa da na ƙirji, igiyoyi, iska, da sararin gabana, sannan in yi addu'ata in ja lema.

Za a iya yi a nan Yamai, ko a duwatsun Adar can Tawa?

Na san masu kallon tuddan Trois Sœurs a Haro Banda, ƙetaren kogi nan Yamai, ko gangaren Keita da Buza, suna wannan tunani. Ina roƙonku kada wanda ya sayi tsohuwar lema ta intanet ya hau shi kaɗai yana koyo daga bidiyo. Iskarmu ba ta wasa ba ce. Hunturu yana zuwa da bugu da ƙura, bazara tana da guguwa mai iya naɗe lema gaba ɗaya kusa da ƙasa, hadarin damina kuma yakan taso daga gabas da iskar da ke cire kwanon rufi tun ruwa bai sauka ba. Ga filin jirgin Diori Hamani, ga halin tsaro da ake ciki, ba a ɗaga komai sama sai da izinin hukuma.

Mai son ɗanɗanawa ya fara da tashin mutum biyu, shi a gaba, ƙwararre a baya. Ana yin haka a Kwahu ta ƙasar Gana lokacin bikin Ista tun 2005, a Maroko kuma akwai makarantu, kamar inda ɗan yayata yake. Shi dai mun yi da shi ranar Asabar zai koma fili, awa biyu a ƙasa ba tashi, ya aiko mini da hoton shafin littafinsa da yamma.